Shekarar da Na Sauke Irin Baba

Hajara, ke kika yi tambayar, amma amsar taku ce ku duka. Ranar sunan ɗanki kin ji wani dattijo cikin masu zaman tabarma ya ɗaga murya ya ce a ba Malamin Tsuntsaye wuri. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da la'asar kika same ni kika ce, Baba, wai me ya sa ake kiranka haka? Na ce miki wasa ne irin na mutanen da. To, ba wasa ba ne. Ko in ce, a wurinsu wasa ne, ni a wurina har yau ƙuna yake yi. Na san kun tsinci wasu maganganu a gari. Wasu sun ce na sayar wa Turawa gonar kakanku, wasu sun ce an kore ni daga aiki don na karkatar da taki. Gonar tana nan, kun ci tuwonta. Taki kuwa ko cikin cokali ban taɓa ɗauka ba. Laifina daban ne, kuma a ganina ya fi waɗannan biyun muni, shi ya sa na fi so ku ji shi daga bakina.

Abin ya faru ne a shekarar da aka haife ki. Na gama jami'a da digirin aikin gona, na yi bautar ƙasa, na dawo Wudil na zauna ina zagaya ofisoshi da fayil a hammata har takalmina ya cinye. Sai ga wata ƙasa mai arziki ta Turai ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatinmu don bunƙasa noman hatsi. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don ba na son in ɗauki hakkin mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba. An kafa allo babba a bakin titi, da tutoci biyu, da hannaye biyu suna musabaha, ɗaya fari ɗaya baƙi, an rubuta Haɗin Gwiwa a ƙasa. Aka ɗauke ni malamin gona. Aka ba ni babur da hula da jakar takardu. Baba, wato kakanku Malam Ado, wanda bai iya nuna murna ba, ranar sai da ya sa aka yanka zakara. Ranar Juma'a kuwa a kasuwa, duk wanda ya gaishe shi sai ya san yadda ya kai zancen kan cewa Habibu yanzu da Turawa yake aiki.

Ku da kuka tashi a Sabon Gari kuna sayen gari a leda, dole in yi muku bayanin dawa, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi ba. Dawar gidanmu kaura ce, doguwa, sai an karya ta kafin a yanki zangarniya. Kakan Baba ne ya zo da irinta. Halinta shi ne ba ta nuna sai ruwa ya ɗauke. Kuma ba ita kaɗai ba, duk dawar karkarar nan haka take, wanda ya shuka da wuri da wanda ya makara, lokaci ɗaya take nuna musu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda jan-baki, tsuntsayen nan ƙanana da ke kwana a duhuwar bakin kogi. In suka taso suka tarar da kowace gona ta nuna, iyakar ganin ido, sai su rarrabu. Kowa ya ba su kaɗan, ba wanda ya ba su duka. Baba rabon baƙi yake kiran abin da suka ci, ko tsaki ba ya yi a kai. Kafin a yi girbi kuma shi da kansa yake bin gonar, yana duba zangarniya ɗaya ɗaya, ya zaɓi na iri, ya ɗaure. Inna, kakarku, ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari taɓa shi har damina ta zagayo. Iri a wurinmu ba a sayar da shi. Roƙo ake yi, kuma ba a hana wanda ya roƙa. Amma ba a aike. Mai bukata shi yake zuwa da ƙafarsa ya durƙusa.

Irin da aikin ya kawo kuwa gajere ne, iyakarsa ƙirjin mutum, kuma wata uku yake nuna. Ban ce mugun iri ba ne. Na ji an ce can arewa da mu, inda damina ba ta daɗewa, an ji daɗinsa, kuma ba ni da dalilin ƙaryatawa. Amma ranar da na ƙirga watannin a yatsuna, sai na hango matsalar. Zai nuna ne bayan an gama girbin gero, kafin dawa ta fid da kai. Wato daidai lokacin da duk faɗin ƙasar nan babu ƙwaya ɗaya a kan kara. Ba sai mai digiri ba, kowane ɗan manomi a Wudil ya san abin da hakan yake nufi. Na sani. Ina so ku riƙe wannan, don duk sauran labarin a kansa ya tsaya. Na zauna zan rubuta rahoto, na rubuta cewa tsuntsaye za su cinye gonar. Na duba, na ga maganar ta yi tsauri a bakin wanda bai yi wata uku da kama aiki ba. Na soke. Na sake rubutawa, na sake sokewa. Abin da ya tafi a ƙarshe, a shafi na can baya, in na mayar da shi Hausa shi ne: mai yiwuwa ne, a wasu yanayi, a ɗan fuskanci matsalar tsuntsaye, ko da yake ana bukatar ƙarin nazari. Na sa hannu, na ji wai na sauke nauyi.

Shugabanmu, wanda muke kira Kodineta, mutumin birni ne, wayayye, mai fara'a. Ba na jin mugu ne, Allah dai ne mafi sani. Na taɓa gwada yi masa maganar baki da baki, ina zagaye-zagaye. Ya dafa kafaɗata.

"Habibu, mutanen nan shekara da shekaru suna bincike a kan irin nan. Kai da wa? Kada ka fara aiki da kawo matsala. Nemo mana gona mai kyau a bakin titi, inda mota za ta tsaya ba sai an taka laka ba."

A nan na ji cewa an riga an sa ranar da manyan baƙi za su zo daga can ƙasar, tun kafin ruwan farko ya sauka a nan, kuma dole su tarar da hatsi ya nuna. Wato, in na fahimta daidai, ba daminarmu aka duba ba, kalandarsu aka duba. Sharuɗɗan gonar gwajin kuwa uku ne. A shuka irin shi kaɗai, ba wake a tsakani. Kada a shuka wata dawa kusa da shi. Sannan manomi ya miƙa tsohon irinsa ga ofis don kada a gauraya, za a ajiye masa a ɗaki mai sanyi. Gona mai kyau a bakin titi, kusa da kogi, wadda mai ita ba zai yi mini gardama ba, guda ɗaya na sani.

Na sami Baba a zaure bayan la'asar yana gyara ƙotar fartanya. Na yi masa bayani yadda aka koya mana, ya saurara har na gama.

"Wata uku?"

"Wata uku, Baba."

"To ina take sauri?"

Na yi dariya, shi bai yi ba.

"Ita kaɗai za ta nuna ke nan. Su wa za su taya ta karɓar baƙi?"

"An yi nazari a kan wannan, Baba. Za a ɗauki mataki."

"Ka gani da idonka?"

"Na karanta."

Ya kalle ni. Sannan ya mayar da kai kan fartanyarsa.

"Kai ka yi karatun. In ka ce a yi, a yi."

Inna ce ba ta bari ya wuce haka ba. Tana daga tsakar gida tana jin mu.

"Karan fa? Abin da bai wuce ƙirji ba, da me zan hura wuta? Da me za a yi danga? Da takarda?"

Ranar da na zo ɗaukar irin, ta tsaya a ƙofar madafi ta riƙe ƙugu.

"Habibu, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin saman murhun nan wayam ba."

"Ajiya ce kawai, Inna. A ɗaki mai sanyi za a sa shi."

"Hayaƙina ya taɓa ɓata shi ne?"

Na kifa turmi na hau, yana rawa. Na ce ta riƙe mini, ta juya ta shige ɗaki. Haka na sauke shi ni kaɗai, dami dami, baƙin hayaƙi yana zuba mini a ido. Na sha yin fatan a ce ta ɓoye ko zangarniya ɗaya. Ba ta ɓoye ba. Baba ya ce a ba ni duka, ita kuwa ba ta yi wa Baba ɓoye-ɓoye.

Saura sharaɗi na biyu. Wanda ke iyaka da gonarmu shi ne Baffa Tanko, mutumin Kausani, abokin Baba tun suna yara. Shi ma kaurarmu yake shukawa, a wurin kakana ya roƙa tun yana saurayi. Na je masa da fom da biro, hula a ka.

"Ɗan Ado, yaushe ka yi girman da za ka hana ni shuka a gonata?"

"Ba hanawa ba ce, Baffa. Shawara ce. Wato mai yiwuwa in aka yi haƙuri na shekara guda..."

"Mai yiwuwa! Kai komai naka mai yiwuwa ne. In aka tambaye ka sunan ubanka ma sai ka ce mai yiwuwa Ado. Je ka gaya wa Baturenka, in yana so in bar dawa shekara guda, shi ma ya bar shan shayi shekara guda. Ka ga mun yi haɗin gwiwa na gaske."

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Na hau babur na tafi. Da na koma ofis na rubuta sunansa a rahoto, na ce manomi ne mai taurin kai da ba ya karɓar ci gaba. Ku lura, a nan ban sa mai yiwuwa ba. A kan tsuntsaye, inda nake da gaskiya, na yi ta lallaɓawa. A kan tsoho mara galihu kuwa biro bai yi mini rawa ba. Saboda wannan layin aka cire shi daga cikin waɗanda za a raba wa taki.

Gaskiya ita ce gonar ta yi kyau. Ta yi kyau ƙwarai. Kore shar, kai ɗaya kamar an aske, masu motocin da ke wucewa suna rage gudu su kalla. Har na fara gaya wa kaina wataƙila tsoro ne kawai irin nawa. Aka girbe gero, karkara ta yi fili, zangarniyoyinmu suka fara cika da madara. Ranar farko tsuntsaye kaɗan ne, ba su fi a ƙirga ba. Kwana uku bayan nan, muna fitowa daga sallar asuba gari ya fara haske, sai muka ga abu ya taso daga bakin kogi kamar hayaƙin gobara, yana lanƙwasa yana miƙewa, ya nufo mu. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Gidanmu kaf muka koma gona. Inna da tsohon kwano da muciya. Mahaifiyarku, da cikinki ya tsufa, tana jan igiyar da muka jera wa gwangwanaye. Baba da majajjawa, yana ihu har muryarsa ta dushe, yana buɗe baki ba abin da ke fita. In ka kore su gabas, su sauka yamma. Na ruga ofis. Kodineta ya ce raga ba ta cikin tsari, sai an rubuta wa hedikwata, hedikwata ta rubuta wa ofishin jakadanci, su kuma su rubuta gida. Tsuntsu bai jira wasiƙa ba. A gefe kuwa ga kaurar Baffa Tanko tsaye, doguwa, ko kai ba ta fid da ba, ba tsuntsun da ya kalle ta. Kuma kullum da safe sai ga shi ya tsallako iyaka da garwarsa da sanda, ya kama kusurwa ɗaya yana bugawa har rana ta take. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Ba mu tsira da komai ba sai 'yar kusurwar bakin titi, inda muka ɗaure zangarniyoyi da tsummoki. Saura kwana biyu baƙi su zo, Kodineta ya zo ya duba, sannan ya ba da umarni. Aka sare sauran gonar, za a ce an riga an girbe. Aka kwance tsummokin kusurwar. Aka kawo dammunan dawa masu kyau a mota daga wata gonar gwaji ta nesa, aka jera su a gindin rumfa. Ina tsaye ana yi. Har da hannuna a jerawar.

Suka zo da motoci farare, masu yawa. Shugabar tawagar wata Baturiya ce mai farin gashi, ta koyi sannu da na gode, tana ta faɗa wa kowa. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a. Aka tsayar da shi gaban dammunan da ba nasa ba, ni a tsakaninsu ina fassara. Ta tambaya yadda ya ga sabon irin. Na mayar masa. Kun san mutanenmu ba sa kushe kyauta a gaban mai ita, kuma ina jin Kodineta da wannan ya dogara. Baba ya gyara tsayuwa, da 'yar muryar da ta rage masa.

"Ka ce mata mun gode, Allah ya saka da alheri. Ka kuma ce mata tsuntsayen kogi ma suna godiya. Bana su suka yi girbi, mu muka yi musu gadi."

Manoman da ke bayan rumfa suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. Baturiyar ta juyo gare ni tana murmushi, tana jira. Kodineta ma yana kallona, ba ya murmushi. Na tuna babur. Na tuna cikin mahaifiyarku. Na tuna zaman da na yi ba aiki. Na ce mata yana godiya ƙwarai, yana kuma fatan a ci gaba. Ta ɗan karkata kai, ta sake tambayata, ta ce akwai wata matsala? Ka gaya mini, don haka na zo. Sau biyu Allah ya ba ni dama a cikin minti ɗaya. Na ce akwai 'yan ƙananan ƙalubale, amma ana nazari a kai. Ta rubuta a ɗan littafinta. Aka ɗauki hoto.

Ina jin haushin matar nan har yau, ko da yake na san tambaya ta yi, kuma amsa aka ba ta. Amma ta tsallako teku don ta ga gona, ba ta yi taku ashirin daga rumfa ba. Da ta yi, da ta taka ƙaiƙayin da tsuntsaye suka zubar, ya rufe ƙasa kamar masussuka. Sa'a ɗaya suka yi, suka sha lemo, suka tafi. Ina jin haushin Kodineta. Ina jin haushin tsarin da zai tambayi manomi ra'ayinsa bayan an riga an shuka, ta bakin yaron da albashinsa ke hannun mai tambayar, sannan a kira wannan haɗin gwiwa. Amma in na gama zagayen haushin nan, kullum a kaina yake sauka. Baba ba ya jin Turanci, amma yana jin tsawon magana. Da motocin suka tashi, ya cire hularsa ya karkaɗe.

"Na ba ka magana biyu, ka kai ɗaya."



Rahoto ya fita, an yi nasara. Hoton Baba ne a bango, yana riƙe da damin wani. A kan wannan nasarar aka faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙauyuka na bakin kogi. Mu kuwa shekarar nan rumbu bai ga komai ba. Hatsin kasuwa muka ci, da abin da 'yan'uwa suka miƙo, a gidan da bai taɓa awo ba. Inna ba ta da kara, dangar gida ta faɗi, awakin maƙwabta suna shigowa har tsakar gida. A lokacin aka fara kirana Malamin Tsuntsaye. A lokacin kuma aka haife ki, Hajara, aka yi tuwon sunanki da dawar da ba mu san gonarta ba.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Baba ya kira ni.

"Je ka karɓo mini ajiyata."

Ɗaki mai sanyin da aka ce ashe wani ɗaki ne a bayan ofis, mai rufin kwano, inda ake jibge taki da tsofaffin tayoyi. Mai kula da ɗakin ya nuna mini kusurwa da baki. Na ɗaga damin farko, ya zube a hannuna. Gari. Ƙwari da ɓeraye sun gama da shi tun tuni. Na bi su ɗaya ɗaya ina murzawa, ko zan sami ƙwaya mai rai. Babu. Mutumin ya ga halin da nake ciki, ya ce ai wani masanin Bature ya ɗebi kaɗan a ambulan ya tafi da shi ƙasarsu. Na rubuta musu wasiƙa. Daga baya amsa ta zo, mai ladabi ƙwarai. Sun ce irin yana nan lafiya a ma'ajiyarsu, har an ba shi lamba. Amma yarjejeniyar tsakanin gwamnati da gwamnati ce, ba su da hurumin aika wa mutum ɗaya, sai dai bukatar ta biyo ta ma'aikata. Ku ji fa. Irin da kakan Baba ya zo da shi, wanda Inna ta yi shekaru tana shan hayaƙinsa, yana can cikin sanyi da lamba a jikinsa, mai shi kuwa ba shi da hurumi. Ban sani ba ko yana can har yanzu. Ina jin yana can.

A ranar da na tarar irin ya zama gari, na zauna na rubuta rahoton da ya kamata in rubuta shekara guda kafin nan. Shafi biyu, babu mai yiwuwa ko ɗaya. Na faɗi tsuntsaye, na faɗi dammunan aro, na faɗi abin da mahaifina ya ce da abin da ni na fassara. Na ba Kodineta, na aika wa Baturiyar kwafi. Ban sani ba ko ya kai gare ta. Abin da na sani shi ne ba a sabunta kwangilata ba, aka karɓe babur, kuma ba a daɗe ba maganar taki ta fara yawo a gari, ban san wa ya ƙirƙire ta ba, ko da yake ina da zato. An riga an raba irin a waɗancan ƙauyukan. Abin da ya same mu ya sami da yawa daga cikinsu a daminar nan. Daga baya aikin ya rufe, allon nan mai hannaye biyu wani mai shayi ya mayar da shi rufin rumfarsa. Gaskiyar da na faɗa a makare ba ta ceci gonar kowa ba. Kada ku ƙirga mini ita cikin jarumta.

A ranar nan dai na koma gida na durƙusa gaban Baba na ce babu, ƙwari sun cinye. Ya ce:

"Tanko na da shi."

"To bari in sa a je a..."

"Ba a aike. Ni kuma ba zan je ba, ba ni na sauke ba."

Da ƙafa na tafi Kausani, cikin ranar bazara. Na tarar da Baffa Tanko a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana tufka igiya. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi mai jego da jaririya, bai bar kowa ba. Sannan ya ce me ke tafe da ni.

"Wato Baffa, na ce ko mai yiwuwa, in da hali, in ba za a takura ba..."

"Tashi ka tafi. In ka san abin da ya kawo ka, ka dawo."

Na tashi. Na kai har bakin hanya. Na tsaya ina kallon gonaki an share ana jiran ruwa, na tuna tamu ba abin da za a zuba mata. Na juyo na sake durƙusawa.

"Baffa, na san tsuntsu zai ci gonar, na yi shiru. Na rubuta sunanka da sharri, ni na sa aka hana ka taki. Na ɓatar da irin mahaifina. Na zo roƙon iri."

Bai ɗago ba sai da ya ƙulle bakin igiyarsa.

"Maganar taki na sani tun tuni, ɗan Ado. Kana tsammani ofishinku ba shi da tagogi? Ashe dai kana da baki." Ya juya ya ɗaga murya cikin gida. "Ke, a sauko da abin saman murhu, a raba biyu."

Na fara godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Na kakanka ne. Ni ma haka na durƙusa masa na roƙa. Ɗauki ka tafi, kafin ka ce mai yiwuwa ka gode."

A ka na ɗauko shi har gida. Baba ya zare zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya sa ƙwaya a baki ya fasa da haƙori. Ya gyaɗa kai.

"Mayar inda ka ɗauko."

Na shiga madafi na kifa turmi. Ina ɗora ƙafa na ji bai yi rawa ba. Na duba ƙasa, Inna ce ta riƙe shi da hannu biyu, ba ta kalle ni ba.

Kada ku zaci komai ya koma daidai. Baba ya ci gaba da yi mini fara'a, ya sa muku albarka, ya ci abincin gidana. Amma daga shekarar nan har ya koma ga Allah bai sake tambayata komai a kan gona ba. In ya ga wata cuta a jikin ganye, sai ya wuce ni, ni mai digiri, ya tsallaka iyaka ya nuna wa Baffa Tanko. Na koma koyarwa a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma ban taɓa ganin ya yi mini rashin adalci ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna da Baffa Tanko, ya yafe wa wanda ya cuce su, har da ni.

Kun sha cewa a rushe tsohon madafin bayan gida tun da an sayi gas, wai hayaƙi yana ɓata fenti. Yanzu kun san abin da ke rataye a samansa, kun san dalilin da ya sa nake sa mahaifiyarku ta hura itace a can ko sau biyu a mako. Ba za a rushe ba ina raye. Bayan raina kuma wasu za su zo, don ba su daina zuwa ba, da farar mota da takarda da kyakkyawar niyya. Ban ce ku kore su ba, wataƙila abin da suka kawo yana da amfani. Ku ba su ruwa, ku shimfiɗa musu tabarma, ku saurara. Amma in suka ce ku sauke abin da ke saman murhu, ku ce a'a, da bakinku, ba ta bakin wani ba. Kalma ɗaya ce. Ni sai da na rasa aikina da yardar mahaifina kafin na iya faɗarta.